Ƙarfen da Ya Sha Ruwan Legas

Duk wanda ya zo koyon aiki a rumfata, abin da yake fara tambaya shi ne yaushe zan bar shi ya buɗe inji. Ba ruwansa da yadda ake wanke ƙarfe, ba ruwansa da inda ake ajiye noti idan an kwance. Inji kawai. Ya kalli wani a waya ya zare fistin daga cikin inji ya mayar kafin shayi ya huce, shi ke nan a ganinsa kanikanci ya ƙare. To ku matso ku ji, ku da kuke ganin gyaran mashin wasan yara ne. Inji shi ne abu mafi sauƙi a jikin mashin, domin ba ya ɓoye ciwonsa. Zai yi tari, zai yi hayaƙi, zai ƙi tashi da safe. Abin da ke karya mutum shiru yake yi.

Sunana Garba. A nan Agege aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakana fataucin goro ne ya kawo shi, ya sauka daga jirgin ƙasa bai ƙara hawa ba. Ina cewa Arewa gida, amma na fi sanin lungunan Mushin a kan hanyar garin kakana. Mahaifina ya so in bi shi mahauta, ni kuwa ƙarar mashin ta riga ta shige mini kunne. Da ya gaji da ni sai ya kama hannuna ya kai ni wurin wani Bayarabe abokinsa, Baba Rasaki, wanda rumfarsa take bayan layin dogo.

Aikina na farko a wurin Baba Rasaki wanke sarƙa ne a cikin kwanon kananzir da tsohon buroshin haƙori. Na daɗe ina yin sa, har hannuna ya daina ɗaukar ƙanshin sabulu, har a gida aka daina cin tuwo kwano ɗaya da ni. Mutumin ba ya koyarwa da baki. In ka miƙa masa sifana da ba ita ya nema ba, zai ajiye ta a ƙasa ya ci gaba da miƙo hannu har sai ka gane da kanka. Amma akwai abu ɗaya da yake yi wanda na ɗauka camfi ne. Duk tsohon mashin da aka kawo masa a duba kafin a saya, ba ya fara tayar da shi. Sai ya kwantar da shi a kan tsohuwar taya, ya ɗauki wata ƙaramar sifana, ya bi ƙarfen jikin yana ƙwanƙwasawa tun daga wuya har ƙarƙashin inji, kunnensa a kusa, idonsa a rufe kamar mai sauraren karatu. Mu yara muna dariya a ɓoye, muna cewa Baba yana gaisawa da aljanun mashin.

Ranar da ya kama ni ina kwaikwayonsa, na zaci duka zan sha. Sai ya kama kunnena ya ja ni har ƙasa, ya manna shi a jikin ƙarfen, ya ƙwanƙwasa wuri ɗaya, ya matsa ya ƙwanƙwasa wani. Na farko ya yi ƙara tas kamar an taɓa faranti. Na biyu ya amsa a dishe, kamar ka buga kabewa. Ya ɗauko guduma ya ɗan doki wurin, fentin ya fashe, jan garin tsatsa ya zubo. Wannan ƙarfen da inji da tayoyi da sirdi suke ɗaure a jikinsa, shi muke kira firam, kuma bututu ne, cikinsa rami. Baba ya ce mashin ɗin Legas ba gudu kawai yake yi ba, iyo yake yi. Duk damina yana ratsa ambaliya, wanda kuma yake aiki can ƙasa wajen bakin ruwa, ruwan da yake sha da gishiri a ciki. Ruwan ya shiga bututun ta ƙananan ƙofofi, ya kwanta a ƙasa, ya yi ta ci daga ciki. Waje yana ƙyalli, ciki ya zama garin barkono. Ranar da aka yaye ni, bayan an ci an sha an yi addu'a, wannan sifanar ya ba ni. Ita ce wadda ba na bari kowa ya ara.

Da na buɗe tawa rumfar, masu zuwa wurina iri biyu ne. Akwai 'yan okada na gari, wato 'yan acaɓa, waɗanda kullum a gaggauce suke, a ɗaure musu birki su koma titi. Sai kuma 'yan cin rani, mutanenmu da ke saukowa bayan girbi su yi dako, su tura ruwa, su yi gadi, in damina ta matso su tattara su koma. Su ne masu neman mashin na hannu. Su saya a nan, a ɗora musu a tirelar da ta sauke shanu za ta koma wayam, su isa gida da abin nunawa. Kuma ba kwalta za su hau da shi ba. Hanyar gona ce, da yashi, da kwazazzabo, da rafin da babu gada.

Ni ban taɓa hana mutum sayen na hannu ba. Yana da amfaninsa. Ya fi sabo sauƙi a aljihu, wannan kowa ya sani. Injinsa ya riga ya saki jiki. In ƙaya ta karce shi ba za ka kwana da ciwon rai ba, ɓarawo ma ba ya yi masa kallo biyu. Amma na hannu yana zuwa da halin mai shi na farko, kamar yadda tsohon takalmi yake zuwa da sawun ƙafar wani. Kuma abin da ya isa a kwalta ba ya isa a daji. A titi mashin tafiya yake yi, a daji kokawa yake yi, kowane rami sai ya murɗa shi, kowane dutse sai ya doke shi daga ƙasa. Saboda haka nake ce musu su nemi mara nauyi wanda mutum ɗaya zai iya ciro shi daga yashi. Su nemi mai ƙafa ta waya, wadda in ta lanƙwashe mai gyaran keke a ƙauye zai miƙar, ba ta zubi ba wadda in ta tsage sai dai a jefar. Su nemi mai kik mai kyau, su manta da maɓallin tayarwa, don batir ba ya tsiro a gona. Su nemi irin da kayan gyaransa suke a kowace kasuwar mako. Sannan in kwantar da shi in ƙwanƙwasa.

Wani da ban riƙe sunansa ba ya taɓa kawo mini wani jan mashin mai madubai huɗu da fitilu kamar motar amarya. Na gaya masa cikinsa ya yi ƙasa da yawa, dutsen farko zai fasa masa kwanon mai. Ya ce ai shi ƙarar ta yi masa. Haka mutanenmu suke sayen mashin, da kunne da ido. A murɗa musu ya yi kuka, a goge tanki su ga fuskarsu, an gama. Shi wancan ya tafi da abinsa, bayan shekara ya dawo yana ba ni labarin yadda ya tura shi daga gona har gida, muka yi dariya tare. Irin wannan kuskuren da sauƙi, gumi kawai yake ci. Na Hamisu ne ba a dariya a kansa.

Hamisu mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ningi, can cikin duwatsu, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, ita ma a bakin rafi take tsayawa. Dogon mutum ne mai sanyin magana. Ruwa yake turawa a kura a unguwarmu, ni ma shi ke kawo mini, shi ya sa muka saba. Ya yi rani da yawa a Legas, kuma ya gaji. Ya sha gaya mini cewa 'ya'yansa suna girma ba su san shi ba sai da damina, ƙaramar 'yarsa ma in ya koma ɓuya take yi a bayan uwarta. Burinsa ɗaya ne: ya sami mashin da zai riƙa fito da kayan gona da mutane daga ƙauyen zuwa bakin titi, ya zauna a gida, ya daina cin rani. Duk lokacin da ya sauke mini jarka sai ya tsaya yana kallon mashinan da ke rumfar, yana tambaya, ni kuma ina ba shi amsa. Har ya fi wasu kanikawan sanin abin da ake dubawa.

Ana haka muguwar shekara ta zo, shekarar da aka hana okada a manyan hanyoyi da unguwanni da yawa. Ku da kuka zo bayan nan ba za ku gane ba. Ana kamawa, ana lodawa a mota, abin da aka tafi da shi kuwa ba a ƙara ganinsa. Rumfar da da ba ka samun wurin tsayawa ta koma wurin barcin awaki. Abokan aikina wasu suka koma gyaran keke mai ƙafa uku, wasu janareta, wani ma da ya fi ni iya aiki ya koma sayar da rake. Ni na yi ta sayar da tarkacen da na tara wa masu jari-bola, yau tsohon inji, gobe tulin sarƙa, don a ɗora tukunya. Mashina kuwa suka zube a kasuwa, kowa yana neman ya rabu da nasa kafin a raba shi da shi. Ga mai niyya irin ta Hamisu, lokaci ya yi.

A lokacin akwai wani mashin a rumfata da muke kira Jaki. Na wani mai rarraba burodi ne da ya bar mini in sayar masa. Muni kam Allah ya ba shi. Fenti ya tafi, sirdi an ɗaure da roba, inji yana hayaƙi kamar an sa ɗanyen itace a murhu. Amma duk rayuwarsa a nan tudu ya yi ta, tsakanin Agege da Iju, bai taɓa sauka bakin ruwa ba, burodi kuma ba nauyi ne da shi ba. Firam ɗinsa in ka taɓa da sifana har sai ka ji daɗi. Na nuna wa Hamisu, na ce injin zai ci gyara, amma ƙashin bayan lafiya lau, kuma a daji ƙashin baya ake hawa. Ya zagaya shi, ya jijjiga, ya ce zai yi shawara.

Bayan kwanaki ya dawo ba tare da kura ba, ya zauna a benci yana ta murza hula. Ya ce yayan matarsa, Bala, ya ji yana neman mashin, ya ce ba zai sayi na bare ba alhali nasa yana nan. Shi Bala okada yake yi tsakanin Oyingbo da Ebute Metta, can ƙasa wajen bakin ruwa, hanin ya rutsa da shi, ya ɓoye mashin ɗin a wani shago. Masu saye sun taya da kyau ya ƙi, ya ce gara ya bar wa mijin ƙanwarsa a kan abin da ya sauƙaƙa, abin ya tsaya a gida. Kuma wannan Bala shi ne ya fara kawo Hamisu Legas, shi ya ba shi wurin shimfiɗa tabarma, shi ya tsaya masa aka ba shi kura.

Na ce to ai da sauƙi, a kawo in duba. Sai ya girgiza kai. Ku da aka haifa a nan kuna iya cewa mene ne a ciki, ni ma da na taso cikin Yarabawa sai da na ɗan yi tunani. Da ƙanin matarsa ne, abokin wasa ne, zai ce masa kawo gwangwaninka a duba kada ka cuce ni, a yi dariya a wuce. Amma yayan mata suruki ne. Ba a kai kayan suruki wurin mai dubawa, musamman kayan da ya ba ka don alheri. Yin haka daidai yake da ka ce ba ka yarda da shi ba. Abin da Hamisu ya roƙe ni shi ne, gobe za su zo tare a juye baƙin mai kafin a ɗora a tirela, in duba masa ba tare da Yaya ya lura ba.

Da hantsi suka iso, sun biyo lungu suna turawa don gudun masu kame. Na ga mashin, na ce tubarkalla. Shuɗi ne, yana sheƙi, ko ƙwarzane babu. Bala gajere ne mai fara'a da yawan magana, yana shafa tankin yana ba ni tarihinsa. Ya ce kullum sai ya wanke shi, bai taɓa bari baƙin mai ya wuce lokacinsa ba, bai taɓa ba wani aro ba. Da na tayar, gaskiyarsa ce, injin kamar agogo. Sannan ya ƙara da abin da ban so ji ba. Cikin alfahari ya ce ranar ruwa ita ce ranar samunsa, lokacin da motocin haya na danfo ke tsayawa cirko-cirko, wasu 'yan okada suna fakewa, shi kuwa ya naɗe wando ya ratsa, ruwa har gwiwa, mashin ɗin bai taɓa mutuwa a tsakiya ba.

Na ce masa akwai mutanen garinsu a wajen mahauta da ke cigiyarsa, wanda kuma gaskiya ne. Da ya tafi gaishe su, na kwantar da mashin ɗin a kan taya, na ɗauko sifanar Baba Rasaki. Wuya ya amsa da kyau. Na gangaro. Daidai inda bututun ya lanƙwasa ya shiga ƙarƙashin inji, sai na ji kabewa. Na matsa gaba kaɗan, kabewa. Na duba Hamisu, na ga ba sai na yi bayani ba, ya sha ganin ina wannan aikin, kunnensa ya riga ya koya.

Na shimfiɗa masa zancen yadda yake. A kwalta, da mutum ɗaya a baya, zai iya kai shekara ko fiye. A hanyar garinsu, da buhu a baya, ban ba shi tabbacin kaka ɗaya ba. Walda ba za ta yi ba, don babu lafiyayyen ƙarfen da za ta kama. Amma ga hanya mai kyau, wadda ban taɓa samun irinta ba: inji mai lafiya a ruɓaɓɓen firam, ga kuma Jaki can da lafiyayyen firam da gajiyayyen inji. A ɗauke wannan a ɗora a wancan. Kafin la'asar mun gama, ya tafi da mashin da zai bar wa ɗansa.

Ya daɗe yana kallon Jaki. Sannan ya ce, "Oga Garba, in na shiga gari da injin Yaya a jikin wannan, me zan ce wa mutane? Me zan ce wa ƙanwarsa? Mutumin nan abin da ya fi so a duniya ya ɗauka ya ba ni."

Na ce, "Ka ce masa ƙarfen ya ruɓe. Ba laifinsa ba ne, ruwa ne. Ko ka bar ni in faɗa."

Ya ce, "A'a, don Allah. Kai kana da na sayarwa a rumfa. In ka faɗa, cewa za a yi ka kushe nasa don ka sayar da naka, ni kuma na haɗa baki da kai. Ka bar shi. Zan lallaɓa shi."

Nan ya ɗaure ni, don gaskiya ya faɗa. A sana'armu wanda ya kawo ka duba shi kake gaya wa, kuma mai kayan sayarwa ba ya kushe na wani a gaban mai shi. Na yi fushi, na gaya masa kunya ba ta ɗaukar buhu. Ya yi murmushi kawai. Abin da muka tsayar shi ne, ba zai ɗora kaya mai nauyi ba, zai riƙa sauka a wurin duwatsu, in an kwana biyu kuma zai sami dalili, ya ce ya faɗi firam ya lanƙwashe, sai in aika masa da na Jaki a tirela a haɗa a can. Ya ce in ajiye masa. Bala ya dawo da burodi mai zafi a leda, ya raba mana, ya tsaya yana kallo ina juye mai. Har ya ce mini, "Oga, ka ga yadda ake riƙon mashin ko?" Na ce na gani.

Na sayi Jaki daga mai burodi, na sayar da injin, na rataye firam ɗin a bayan rumfa. Shekarar ta ƙara tsanani. Masu jari-bola sun zo sun taya shi ya fi a ƙirga, har ɗaya ya ce ko gadon kakana ne. Ban sayar ba. Damina ta wuce, kaka ta wuce, 'yan cin rani suka fara saukowa, ban ga Hamisu ba, ban ji saƙonsa ba. Na ce a raina to madalla, buri ya cika, mutum ya zauna a gida. Wani mai tura ruwan ya karɓi layinmu.

Bala ne ya zo. Da kyar na gane shi, fara'ar nan duk ta tafi, wuyansa ya yi kanta irin ta masu dako. Bayan mun gaisa ya gaya mini abin da ya faru. Hamisu ya yi damina lafiya, yana ɗaukar mutane, har ya fara gyara ɗaki. Da kaka ta yi, kowa yana son a fitar masa da amfanin gona, kuma duk 'yan'uwa ne, wa zai ce wa a'a? Ranar wata kasuwa ya ɗauko buhunan masara, yana gangarowa rafi ta kan duwatsu, mashin ɗin ya rabe biyu a ƙarƙashinsa. Buhu ya danne shi a kan dutse. Ƙugu ya karye. An yi ɗori, an je asibiti, ya tashi, amma da sanda, kuma ƙafar dama ba za ta ƙara buga kik ba, balle ta tura kura. Ya ce Hamisu yana gaya wa duk wanda ya zo dubiya cewa shi ya jawo wa kansa, ya yi lodin da ya wuce kima.

Sai ya zaro wani abu daga aljihu a naɗe cikin tsumma, ya ajiye a kan bencina. Guntun bututu ne, shuɗin fentin yana nan a waje. Ya ce shi ya je ya kwaso mashin ɗin daga rafi, ya ga bakin karayar, abin ya tsaya masa a rai. Shi ba makaniki ba ne, amma ya san ƙarfe mai lafiya lanƙwasa yake yi kafin ya karye, wannan kuwa ya fashe kamar ƙosai. Ya ce, "Oga Garba, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Lodi ne, ko da haka na ba shi?"

Ban iya ƙarya a kan ƙarfe ba. Na miƙa masa sifanar, na ce ya ƙwanƙwasa guntun. Ya ƙwanƙwasa, jan gari ya zubo a benci. Na ce irin wannan cin ba na damina ɗaya ba ne, kuma ba ruwan Ningi ba ne. Na ce ba wanda zai gani daga waje, ko shi, ko wani. Ya ce to mai lafiya yaya yake amsawa? Na kai shi bayan rumfa, na nuna masa na Jaki. Ya doka sau ɗaya, ƙarar ta tashi tas.

Ya tsaya yana kallonsa. Ya ce a wannan shekarar da kowa ya sayar da har ƙusa, me ya sa na bar wannan a rataye? Ya ƙi ɗauke ido daga kaina. Na ce ajiya ce. Ya ce ta wa? Na ce ta Hamisu.

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ba sai na ƙara komai ba, ya haɗa sauran da kansa, har da aiken da na yi masa wajen mahauta. Can ya tambaye ni aikin kwana nawa ne a ɗauke inji a mayar a wannan. Na ce da mun fara da hantsin nan, kafin la'asar mun gama.

Ya ce, "Ina tsaye a nan da burodi a hannu. Da ɗayanku ya yi mini ko da tari ne, wallahi da hannuna zan riƙe muku fitila ku kwance shi. Ni inji na ba shi da ƙarfe don ya zauna da iyalinsa. Ban ba shi don ya ji kunyata ba."

Wannan magana ta dame ni, har yau tana damuna. Mu biyu muka tsaya muna tsaron mutuncin mutum, ba wanda ya tambaye shi ko yana son a tsare masa shi da wannan tsada. Hamisu ya bi tarbiyyar gidansu, ni na bi ƙa'idar sana'a, kowa ya yi daidai, ga kuma inda daidai ɗin ya kai mu. Tun daga ranar na sauya yadda nake aiki. In mutum biyu suka zo da mashin, ko uba da ɗa ne, ko suruki da suruki, ba na aiken kowa ko'ina. Mai sayarwa nake miƙa wa sifana, in ce ya ƙwanƙwasa da hannunsa, mu ji tare. Wasu suna fushi su tafi. Su tafi ɗin.

Hamisu ya daina cin rani, kamar yadda ya so. An ce yana zama a ƙofar gida yana saƙar igiya, 'yarsa ta daina ɓuya. Bala kuwa yanzu ba ya komawa ko da damina, yana dako a kasuwar Oyingbo, gida biyu yake ciyarwa. Kafin ya tafi ran nan na ce ya ɗauki firam ɗin kyauta, tunda injin nasa yana can ƙauye lafiya, a haɗa a samu mashin. Ya ce wa zai hau? Shi dai ba zai iya ba, Hamisu kuma ba zai so ya gan shi a tsakar gida ba. Ya roƙe ni kada in bari Hamisu ya ji cewa ya sani, na ce to. Kun ga an koma gidan jiya.

Guntun bututun yana cikin akwatin kayan aikina. Firam ɗin kuma ga shi can a bayan rumfa inda na rataye shi, ina shafa masa mai duk damina. Kafin ɗayanku ya ƙara tambayata yaushe zai buɗe inji, ya ɗauki sifana ya je ya ƙwanƙwasa shi. Lafiyarsa ƙalau.